Sunan da Ya Gagari Bakin Kawu Sule

Tun da muka kai Kawu Sule makwancinsa a Birmingham nake cewa zan rubuta labarin jinyarsa, sai in fara in ajiye. Yanzu dai na daure, don iyayenmu da yawa ne a ƙasar nan suke zaune su kaɗai a saman bene, kuma abin da ya same mu zai iya samun kowa. Allah ya ji ƙansa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara.

Sunana Bashir. Ina karatun digiri na uku a Manchester, ina zaune a Withington, ƙarshen mako kuma ina ɗaukar kwalaye a wani sito a Cheetham Hill don in rufa wa kaina asiri. Kawu Sule yayan Ummata ne. Ya bar Gwarzo tun ba a haife ni ba, ya tafi Amurka karatun injiniya, daga can ya gangaro Ingila ya kama aiki a masana'antar kayan mota. Ya auri Baturiya, suka haifi 'ya ɗaya, suka rabu, daga baya matar ta rasu. Ranar da zan taso daga gida Umma ta ba ni lambar mutum biyu, tasa da ta 'yarsa Hadiza. Ta ce zumunci a ƙafa yake, kada in dawo in ce mata karatu ne ya hana ni.

Hadiza na fara gani, tunda gari ɗaya muke. Malamar firamare ce a Old Trafford, ta girme ni sosai, tana da miji da 'ya'ya biyu. Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba, don haka duk maganarta da za ku gani a nan da Turanci ta yi ta. Na gaya mata mu taubasai ne, ɗan mace da 'yar namiji, saboda haka ina da lasisin tsokanarta har ƙarshen rayuwa. Ta yi dariya ta ce ba ta sa hannu a wannan yarjejeniya ba. Da na ambaci babanta sai dariyar ta ɗauke. Ta ce suna gaisawa da salla, ta ja hirar zuwa wani wuri.

Shi kuwa Kawu, a wani dogon bene na council, irin gidajen hayar gwamnati, na same shi a Aston, shi kaɗai, daga shi sai kujera da talabijin da kwali cike da tsofaffin kaset. Na ɗauka wa'azi ne ko waƙoƙin gida. Ashe besbol ne, wasan Amurkawa da ya kamu da shi tun yana ɗalibi. Mutum ɗaya ya jefa ƙwallo, wani ya doke ta da kulki, ya ruga ya taka kusurwa uku ya dawo inda ya tashi kafin a rutsa shi. Ana yin turmi tara, in ji Kawu, don shi da kalmar dambe yake lissafa shi. Ni da na tashi da ƙwallon ƙafa, abin da nake gani kawai ƙarti ne a tsaye suna tauna cingam.

Kuma ba sabon wasa yake kallo ba. Wasannin ƙarshe na cin kofi yake kallo, na shekarun da yake can, da ma waɗanda suka girme su, na baƙi da fari. Ya san wanda zai ci, ya san inda wane zai zame, amma sai ya matso bakin kujera kamar yau ake bugawa.

"Kawu, ba ka gajiya? Ai ka san result ɗin."

"Kai ba ka san yadda tuwo yake ba kake ci kullum?" Ya nuna 'yan kallo da baki. "Dubi mutane. Kowa da kwat da hula, kamar za su ɗaurin aure. Mai jifa ɗaya zai riƙe wasa tun farko har ƙarshe, hannunsa na ciwo bai ce a canja shi ba. Na yanzu ana canja su kamar safa. Wasan da ba shi da agogo, sai an fitar da mutumin ƙarshe ake tashi, wai yanzu sun je sun sa wa mai jifa agogo. Na daina kallo."

Haka muka yi wajen shekara biyu, nakan shiga motar haya in je masa duk wata, in dafa mana shinkafa da wake, in sha besbol ba don ina so ba.

Ciwon da ƙaiƙayi ya fara. Na je na tarar yana sosa baya da jikin ƙofa, ya ce sabon sabulu ne bai karɓe shi ba. Bai ci abincin kirki ba, ya ce ya sha shayi da yawa. Na lura ya huda wa bel ɗinsa sabon rami. Da na koma bayan mako biyu, ina shiga ya ɗago ido ya kalle ni. Farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa.

"Kawu, ka ga GP, likitan unguwarku?"

"Na kira, sun yi mini appointment ta waya. Yarinyar ta ce ya jiki, na ce mata da sauƙi."

Ga gargaɗi na farko. Kada ku bar tsohonmu ya yi magana da likita shi kaɗai. Bahaushe ko hanjinsa na waje, ka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce. Su kuwa nan abin da ka faɗa shi suke ɗauka. Na sa shi a tasi muka tafi sashen gaggawa, muka wuni a kan kujerun roba tsakanin mai karaya da mashayi, na yi azahar da la'asar a wani lungu kusa da injin sayar da lemo. Da yamma suka ɗebi jini, suka ce ba zai koma gida ba.

A makon farko na asibiti waya ba ta huta ba. Gwarzo gaba ɗaya ta yanke hukunci cewa shawara ce. Wata gwaggo ta ce a nemo saiwar rawaya a jiƙa, wani ya ce zuma da habbatussauda, wani ya ce za a yi rubutu a busar a aiko da shi ta hannun mai tahowa. Mafi yawa suka ce a dawo da shi gida, sanyin Turai ne. Duk da zuciya ɗaya suka faɗa, ban raina ba. Amma wanda ke da nisa shawara ba ta yi masa tsada, ni ne ke tsaye a bakin gado da kofin ruwa.

Mutanen masallacinsa sun zo dubiya ranar Juma'a, su da yawa, nas ta ce bibbiyu za su shiga. Suka yi addu'a, suka ajiye ayaba da lemo, Allah ya saka musu. Daga ranar sai ɗaiɗaiku, daga baya sai saƙon waya. Ban ga laifinsu ba, kowa a ƙasar nan yana gudu ne tsakanin aiki da ɗauko yara daga makaranta. Sai dai ban taɓa sanin wuni yana da tsawo haka ba sai a ɗakin nan. Gado shida, kowa ya ja labulensa, ba mai ce wa wani sannu. A gida da tuni matar mai gadon kusa ta miƙo mana kunu, ta tambayi asalinmu har kaka.

Na kawo masa kwamfutata na nemo masa tsofaffin wasanninsa a intanet, har da waɗanda bai taɓa samu a kaset ba. Ranar na ga haƙoransa. Ya sa na ɗora ta kan teburin cin abinci, muka raba abin kunne ɗaya, shi dama ni hagu. Da hannu ɗaya nake sosa masa baya da mataji, shi kuma yana koya mini wasa.

"Bar kallon mai kulki, kowane yaro shi yake kallo. Dubi na tsugune a bayansa, mai ƙarfe a fuska. Shi ke gaya wa mai jifa irin jifan da zai yi, da yatsu, a ɓoye. Shekara goma za su yi tare ba wanda ya ce wa wani uffan a fili, kuma sun fi kowa sanin juna."

A nan na samu ƙofa. Na ce, "Kawu, in gaya wa Hadiza?"

Ya ƙura wa allo ido. "Dubi wannan jifa. Ka ga yadda ta lanƙwasa?"

Na sake tambaya washegari, ya ce in ƙara masa ƙara. A duk zamana da shi ban taɓa jin ya kira sunanta ba. In ta kama dole sai ya ce "ta Manchester". Na kira Umma na gaya mata, ta ce, "Kai ma da neman magana. 'Yar fari ce fa, kuma sunan Iya mahaifiyarmu aka sa mata. Kunya biyu ta haɗu. Ba zai ce ka kira ta ba ko zai mutu. Kai za ka kira."

Wanda bai tashi a cikinmu ba ba zai gane ba. Iyayenmu na da ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi a gaban mutane, in an tambaye su yawan 'ya'yansu ma sai su tsallake shi. Ba ƙi ba ne, kunya ce. Abin mamaki shi ne Kawu, mutumin da ya bar tuwo ya koma dankali, ya bar babbar riga ya koma kwat, ya auri Baturiya, amma wannan abu ɗaya ya riƙe shi gam. A Gwarzo da kakanni da gwaggonni za su ɗauki yarinyar su shagwaɓa ta, su cike gurbin. A Birmingham babu kowa, sai uba mai kallon bango in tana magana.

A mako na biyu sakamakon hoto ya fito. Likitar ta ja labule ta zauna a bakin gado, ba ta kira ni gefe ba kamar yadda ake yi a gida, shi ta kalla ta gaya masa. Ciwon daji ne a wata 'yar tsoka da ke bayan tumbi, ya toshe hanyar matsarmama, ya riga ya bazu zuwa hanta. Za su sa masa ɗan bututu don ƙaiƙayin ya lafa, amma aiki ba zai yiwu ba. Ta ce makonni ne, ba watanni ba. Kalma ɗaya ta yi ta maimaitawa wadda har yau ba na son ji, comfortable, wai za su tabbatar bai wahala ba. Kawu ya yi mata godiya. Da ta fita ya ce, "Ita ma ta sa mini agogo." Ya yi salati, ya ce in kunna masa turmi na bakwai.

Na fita farfajiya na kira Hadiza. Na gaya mata, ta ce za ta shigo jirgin ƙasa na safe ranar Asabar.

Ranar Asabar ɗin ina sito a Cheetham Hill, don na riga na yi fashi da yawa kuma mai wurin ya fara tsuke fuska. Ba a biyan kuɗin gado a asibitin nan, gaskiya ne, amma jinya tana cin aljihu ta wasu ƙofofin, kuɗin mota, tasi, abincin kanti, ga aikin da ba ka je ba. Wajen azahar wayata ta yi ƙara. Hadiza ce, daga tashar jirgi, tana hanyar komowa.

Abin da ya faru shi ne, ranar da aka kwantar da shi, bayan na tafi, nas ta tambaye shi wa za a kira in wani abu ya taso. Ya ce Bashir. Ta ce yana da 'ya'ya? Ya kalli bango ya ce a kira Bashir. Baiwar Allah ta ɗauka babu. To da Hadiza ta iso ta ce ita 'yarsa ce, sai wata nas ɗin ta ce mata cikin ladabi, ta yi haƙuri ta ɗan jira, don su abin da suka sani ba shi da 'ya'ya.

"Ya ce musu ba shi da ɗa, Bashir." Muryarta ba kuka, ba faɗa, shi ya fi ba ni tsoro. "Ban ma shiga ba. Shekara arba'in da wani abu ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ke, zo. Ke, tafi. Karen maƙwabtanmu ma yana da suna. Yau kuma ya gaya wa duniya babu ni."

Na bar kwalaye na same ta a gida da yamma. Na zauna a kicin ɗinta na yi ta bayani, kunyar ɗan fari, sunan kaka, duk abin da na sani. Na gaya mata abin da Umma ta ce, ranar sunanta ya aika gida aka yanka bijimin sa, ba rago ba, unguwa guda ta ci nama. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Ni ban ci naman ba. Ina nan ina jira ya tambaye ni yaya makaranta."

Tsakanin ɗa da mahaifi sai Allah, kuma ni na ga gaskiyar kowa. Na dai ce mata likita ta ce makonni, in ta gama fushin a watan gobe ba za ta sami wanda za ta yi wa ba.

Da na koma Birmingham na gaya wa Kawu ta zo ta juya, da dalili. Ban taɓa ganin fuska ta faɗa haka ba. Ya ce, "Ni na ce ba ni da ɗa? Yaushe?" Ranar ko ruwa bai karɓa ba, kwamfutar ma bai ce a kunna ba.

A mako na uku aka sa bututun, ƙaiƙayi ya ragu, suka sallame shi zuwa gida kamar yadda ya roƙa. Aka kawo gado mai tashi da sauka aka kafa a falo gaban talabijin. Nas-nas suna zuwa safe da yamma, kuma ina shaida, sun riƙe shi da mutunci. Akwai wata 'yar Jamaika da ke ce masa Baba, ta koyi cewa sannu. Jami'a ta ba ni hutu, na kwaso kayana na tare. Na koyi juya mutum ba tare da na ji masa ciwo ba, na koyi yi masa alwala a kwance, na koyi dama kunu mai ruwa-ruwa da garin geron da nake sayowa a kantin 'yan Afirka. Cokali uku yake sha ya kau da kai. Mutumin da ya fi ni tsawo, sai ga shi ina ɗaga shi kamar dami.

Kwanakin nan su ne mafi kaɗaici a rayuwata. Daga tagarsa motoci kawai ake gani a kan gada. Ba sallamar maƙwabci, ba kukan yaro, sai ƙarar firji da ihun 'yan kallon da suka yi tafinsu tun kafin a haife ni. Wata rana ya ce, "Ka san duk waɗannan masu hular sun mutu? Da mai jifa, da mai kulki, da yaron can mai sayar da gyaɗa, wataƙila. Amma dubi yadda suke murna." Ya ce lokacin da yake ɗalibi a Amurka ba shi da kowa, sai ya sayi tikitin kujerun can sama masu araha, ya zauna cikin dubban mutane. Ba wanda ya san shi, amma in an doki ƙwallo kowa ya miƙe, na kusa da shi ya dafa masa kafaɗa. Ya ce nan ne kawai yake jin yana cikin mutane.

Asabar ta gaba aka ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe na ga Hadiza da 'yar jaka. Ta ce mini, "Ba don al'adarku na zo ba." Na ce taubashiya, ko don me kika zo, shigo ki ɗauki mataji, hannuna ya gaji.

Ta gaishe shi. Ya amsa yana kallon talabijin. Ta ja kujera ta zauna a ɗaya gefen. Wani tsohon wasa ne ake yi, mai launi amma ya koɗe. Can na ga mai jifa ya jefa ƙwallo nesa da mai kulki sau huɗu a jere, mai kulkin ya ajiye kulkinsa ya taka zuwa kusurwar farko ba gudu. Na ce wannan mai jifan ya rikice.

"Da gangan ya yi," in ji Hadiza. "Tsoron wannan yake ji, ya gwammace ya ba shi hanya ya fuskanci na bayansa."

Na juya na kalle ta. Ta ce tun tana 'yar shekara biyar take zama a ƙasa tana wasa da 'yar tsana, shi yana kan kujera yana yi wa talabijin bayani da ƙarfi, da Turanci, dalla-dalla. Ta ɗauka shi kaɗai yake surutunsa.

Kawu bai juyo ba. Ya ce da ni da Hausa, "Talabijin na jin Turanci ne? In ni kaɗai ne ai da Hausa zan yi."

Na fassara mata. Ta tashi ta shiga banɗaki, ta daɗe, famfo na zuba.

Daga nan ta riƙa zuwa duk ƙarshen mako, wani lokacin har da Laraba in ta samu mai riƙe mata aji. Ni na zama ɗan aike tsakanin mutum biyu da ke ɗaki ɗaya. "Gaya wa ta Manchester ta ci abinci." "Ka ce masa ya sha maganinsa." Amma in an kunna wasa ba sa bukatata. Su yi ta musu a kan wane ya fi wane, idonsu duka a kan allo, ita ce ke riƙe masa kofi. Na ce a raina shi ke nan, an shirya.

Ashe da saura. Wata Lahadi da za ta tafi, ta riga ta sa rigar sanyi, sai ta dawo ta durƙusa a gaban gadon ta tare masa talabijin. Ta ce, "Baba, na gane. Bashir ya yi mini bayani, na yarda ba ƙina kake ba. Amma ni a nan aka haife ni. Sau ɗaya kawai nake so in ji. Kira sunana."

Ya buɗe baki, leɓensa ya motsa, gumi ya tsatsafo masa a goshi. Wallahi ya yi ƙoƙari, na gani. Sai ya runtse ido ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Kada jirgi ya wuce ki." Ta sumbaci goshinsa ta tafi. A bakin lif ta ce mini ba komai, amma ba ta bari na ga fuskarta ba.

Makon nan jiki ya rikice. Ya daina karɓar kunu, aka sa masa wata 'yar na'ura mai tura maganin ciwo a hankali, barci ya yi yawa. Ranar Juma'a da safe nas ta ce in akwai wanda ya kamata ya zo, ya zo yau. Na kira Hadiza, ta bar aji ta nufi tasha.

Da hantsi ya farka, idonsa tar, kamar ba shi ba. Ya ce in kashe talabijin.

"Ta taso?"

"Ta taso, Kawu, tana cikin jirgi."

"Rufe ƙofa."

Ba kowa a gidan sai mu biyu, amma na tashi na rufe. Ya juya fuskarsa bango. Na ji yana jan numfashi, ya saki, ya sake ja. Sannan a hankali, da wata murya da ban san shi da ita ba, ya ce, "Hadizatu." Ya yi shiru kamar mai jiran rufin ɗaki ya faɗo. Ya sake cewa, "Hadizatu." Ya juyo yana haki, ya ce, "Ashe yana fita. In ta zo ka tashe ni."

Jirginta ya tsaya a hanya ya yi jinkiri. Da ta iso ya koma barci. Na tashe shi, na girgiza kafaɗarsa, na ce Kawu ga ta ta zo. Ya ɗan buɗe ido, bai yi magana ba, kuma bai sake yi ba. Ta riƙe hannunsa ina karanta masa Yasin, washegari da rana Allah ya karɓi abinsa.

Wasu da na ba labarin sun ce me ya hana ni ɗaukar muryarsa a waya. Wanda ya ga fuskarsa a lokacin ba zai yi wannan tambaya ba.

Ina gode wa nas-nas ɗin nan, da mutanen masallaci da suka yi masa wanka da sutura suka cika sahu, da Umma da ta riƙe ni ta waya. Ga kuma abin da nake roƙo. In idon tsoho ya canja launi, kada a tsaya jiran saiwa daga gida. In za a yi masa tambayoyi a asibiti, wani ya tsaya kusa. Iyaye kuma da kuka haifi 'ya'ya a nan, kunya abu ne mai kyau a inda ake gane ta. A nan ba gwaggo ba kaka da za su gaya wa yaro abin da shirunku yake nufi, kuma shirun kawai zai ji.

Ban gaya wa Hadiza ba sai bayan kwana uku, muna cikin jirgi za mu koma Manchester. Na yi ta juya abin, ina tsoron ko zai zama ƙarin ciwo. Daga ƙarshe na ce haƙƙinta ne. Na gaya mata yadda ya sa na rufe ƙofa, da yadda ya juya bango, da cewa sau biyu ya faɗa, kuma ita yake jira.

Ta daɗe tana kallon gonaki ta taga. Na ɗauka ba ta yarda ba, ko ta zaci lallashi ne irin na taubashi. Sai ta juyo.

"Yaya ya faɗa? Diza ya ce, kamar mamata?"

"A'a. Cikakke ya faɗa, irin na mutanen da."

"Faɗa mini yadda ya faɗa. Da muryarsa."

Jirgin cike yake da mutane. Na sunkuyar da kai, na rage murya, na ja shi yadda ya ja shi. "Hadizatu."

Ta rufe ido. Ta ce, "Ka ce sau biyu ya faɗa."